Na gaba ake kallo: Yadda 'yan tallar gida-gida ke auna shugabansu a Tahoua

Ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tahoua ke ci. Tun kafin rana ta yi zafi motocin ƙauye ke fara sauke mutane daga Kalfou, Barmou, Affala da Takanamat, wasu da buhunan gero da wake, wasu da awaki, matan Buzaye da na Fulani kuma da cuku da nono.

A cikin wannan cunkoso ne ake ganin samari da 'yan mata sanye da riguna masu tambarin kamfani, jaka a kafaɗa, suna kutsawa tsakanin rumfuna. Wasu layin waya suke sayarwa, wasu suna buɗe wa mutane asusun kuɗi a salula, wasu kuma na ɗauke da fitilar sola, sabulu, man shafawa ko magungunan ƙarin lafiya. Ba su da shago. Kafarsu ce shagonsu. Idan kasuwa ta watse, sauran kwanakin mako a unguwannin birni da ƙauyukan Adar suke yin su, gida-gida.

Kowane gungu na da shugaba, wanda galibi ake kira shef. Shi ke karɓo kaya daga dila ko ofishin kamfani, shi ke raba unguwanni, shi ke haɗa lissafi da yamma. A takarda duk aikinsu ɗaya ne. Amma wanda ya tsaya ya lura zai ga shef iri biyu: akwai wanda ke zaune a inuwar mai shayi yana bugun waya yana tambayar nawa aka sayar, akwai kuma wanda jakarsa ke kafaɗarsa kamar ta kowa. Yaran da ke ƙarƙashinsu sun fi kowa sanin bambancin, kuma a kansa ne da yawa ke yanke shawarar zama a sana'ar ko barinta.

Sana'ar da babu albashi

Akasarin masu wannan aiki kamasho suke ci. Wanda ya sayar ya samu, wanda ya yini yana yawo bai sayar ba ya koma gida da ƙura a ƙafa. Wani lokaci kuɗin mota da na abinci ma daga aljihunsa suke fita. Saboda haka shef ba shi da sandar da shugaban ma'aikata ke da ita. Ba zai rage wa yaro albashi ba, domin babu albashin. Korar ma ba ta da wani tasiri a wajen saurayin da ya san gobe yana iya hawa mota ya tafi bida.

Kamfanonin waya ne suka fi yaɗa irin wannan talla a Nijar. Celtel da ya fara aiki a 2001 ya zama Zain, daga baya ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da reshensa a 2019, yau shi ne Zamani Telecom. Ga kuma Moov Africa da Niger Telecoms. Gasar da ke tsakaninsu ta neman sabbin masu layi ba a ofis ake yin ta ba, a bakin kasuwa da ƙofar gida ake yi. Bayansu masu fitilar sola suka biyo, a ƙasar da mutanen da ke samun wutar lantarki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba.

Ƙasar da ake wannan yawo ba mai sauƙi ba ce. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tahoua na da mutane sama da miliyan 3 da dubu 300, mafi yawansu a ƙauyuka. Adar ƙasar duwatsu ce da fako da kwaruruka. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, da damina kuma korama ɗaya na iya raba gari da hanya na kwanaki. Daga Tahoua zuwa Keita kimanin kilomita 70 ne, zuwa Abalak kuwa ya haura 130. A can arewa, gundumomin Tillia da Tassara sun shiga dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma harin da aka kai ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021 ya hallaka mutum 137. Duk shef ɗin da zai ce wa ɗan wani ya nufi wata kasuwar arewa, to yaron da iyayensa za su so su ji ko shi ma ya taɓa taka hanyar.

Gadon madugu

Wannan ma'auni ba kamfanoni suka kawo shi ba. Adar na kan hanyar ayari tsakanin Agadez da biranen Hausa, kuma marigayi Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tahoua ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin yankin tun kafin zuwan Turawa. Mutanen nan sun san madugu tun kaka da kakanni.

A fataucin goro zuwa Gwanja, wanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi a kansa a 1980, madugu ne ke zaɓar hanya da zango, shi ke shiga gaban sarakuna ya daidaita kuɗin wucewa, shi ke raba gardama. Amma shi ma falke ne. Kayansa na cikin ayarin, a bayan jakunan da ke taka hanya ɗaya da na kowa. Idan 'yan fashi suka tare, dukiyarsa na cikin abin da za a rasa. Idan ya ɓatar da ayari, da shi za a sha ƙishirwa. Shi ya sa ake ce masa uban tafiya, kuma ba a naɗa shi da takarda: fatake ne ke taruwa a bayan wanda suka ga ya je ya dawo.

Haka ma dangantakar ubangida da baransa, wadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Bara na yi wa ubangida hidima shekara da shekaru ba tare da albashi tsayayye ba, ubangida kuma na ɗaukar nauyinsa, ya taimaka masa da aure, a ƙarshe ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Abin da bara ke koya a waɗannan shekaru ba a baki ake faɗa masa ba. Yana ganin yadda maigida ke taya kaya, yadda yake cewa albarka ba tare da ya kori mai saye ba, wanda yake ba bashi da wanda yake hanawa.

Adarawa sun kai wannan tsari har bakin teku. Da an gama girbi, samari kan kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru, Libiya ko Aljeriya. Sabon zuwa a wajen ɗan garinsu yake sauka, kuma sau da yawa shi ne zai ɗora masa tiren kayan koli ko ya riƙa fita da shi kwanakin farko har ya gane lunguna. Saurayin da ya taɓa yin wannan, ko ya ji labarinsa a bakin yayyensa, idan ya shiga tawagar kamfani a Tahoua da wannan ido yake kallon shef.

Ƙofar farko

Abu mafi wuya ga sabon ɗan talla shi ne sallamar farko. Tsayawa a ƙofar gidan da ba a san ka ba, a amsa maka da sanyin murya, a saurare ka minti biyu sannan a ce Allah Ya kawo kasuwa: wannan kan karya gwiwar da yawa tun a makon farko. Horon da ake yi a ɗaki, da allo da Faransanci, ba ya maganin wannan.

Shef ɗin da ya san aikinsa shi ke yin gaba a ranar. Shi zai fara zuwa wurin maigari ko limami a yi gaisuwa, a tambayi gida da gona da labarin 'yan bida, kafin a buɗe jaka. Yaron na tsaye a gefe yana ganin cewa dattijo ana ce masa Baba, tsohuwa Inna, wanda ya je Makka kuma ba a kiran sunansa gatsau. Yana ganin yadda ake juya farashin takarda zuwa lissafin kasuwa, domin kamfani da sefa yake rubutu, mai saye kuwa da dala yake ƙirga: sefa 1,000 ita ce jika ɗaya, wato dala 200. Wanda ya yi tuntuɓe a wannan lissafi a gaban tsohuwa, ta gama raina shi.

Mafi muhimmanci, yaron na ganin an ƙi sayen kayan shef, kuma shef bai mutu ba. Ya yi godiya, ya rufe jaka, ya nufi gida na gaba. Gani ya kori ji. Wanda ya ga maigidansa ya sha a'a sau biyar kafin azahar ba zai ɗauki tasa a'ar a matsayin abin kunya ba.

Akwai kuma ƙofar da namiji ba ya wucewa. A gidaje da yawa zaure ne iyakarsa, alhali da rani a ƙauyukan Adar mata ne ke riƙe da gida. Ko aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa a masu ɗaukar duwatsunsa, saboda maza sun tafi. Su ne ke karɓar kuɗin da aka aiko ta Nita, Al Izza ko Amana, su ne ke cikin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro a Maraɗi a 1991. Tun a 2010 ma, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta gwada tura tallafi ta wayar salula ga wasu daga cikin ƙauyuka 96 na jihar Tahoua, kuma akasarin masu karɓa mata ne.

Don haka tawagar da ba ta da mata rabin kasuwa kawai take gani. Su kuma matan suna da tasu madugar tun da daɗewa, wato dillaliya, mai shiga gida-gida da atamfa da kwanuka da turare. Shugabar mata da ta zauna a birni tana tura 'yan mata su kaɗai cikin gidajen mutane ba ta daɗewa da su, don iyaye ba za su bari ba. Wadda ke yafa mayafinta ta shiga tare da su, ita ake ba 'ya'ya.

Inda ake gane gaskiyar shef

Fita rana tare da yara shi ne ɓangare mai sauƙi. Gwajin gaske yana wurin kuɗi.

Na farko bashi. A ƙauye ba a ciniki sai da shi: a ba ka kaya yau, ka biya ranar kasuwa ko idan ɗanka ya aiko. Kamfani kuwa bai san wannan ba, kuɗinsa yake jira. Idan shef na ba abokansa da danginsa kaya bashi yana ɗaga musu ƙafa, ba shi da bakin hana yaro yin haka. Idan kuma mai saye ya gudu da kuɗi, kowa na zuba ido ya ga ko shef zai ɗora wa yaron asarar gaba ɗaya ko zai ɗauki wani kaso, musamman in da saninsa aka ba da kayan.

Na biyu rabon wuri. Unguwar ma'aikata da 'yan kasuwa a cikin Tahoua ba ɗaya take da ƙauyen da sai an yi awa biyu a kan babur ba. Shef ɗin da kullum ke ware wa kansa Alhazai da ofisoshi, ya tura sababbi bayan duwatsu, zai iya nuna adadi mai kyau a ƙarshen wata, amma yaransa sun san yadda aka yi.

A nan ne ma ake samun wani tarko da ba a cika magana a kansa ba. Sau da yawa wanda ya fi kowa iya sayarwa shi ake ɗagawa ya zama shef, kuma yana ci gaba da cin kamasho a kan abin da ya sayar da hannunsa. Sai ya zamana fitarsa tare da yara ba koyarwa ba ce, gasa ce. Yaro ya sha wahalar shawo kan mai saye, shef ya zo ya ƙarasa cinikin ya rubuta da sunansa. Irin wannan ya fi mai zaman inuwa illa, domin shi mai zaman inuwa aƙalla bai ƙwace abincin kowa ba. Waɗanda yara ke riƙewa su ne masu ƙarasa ciniki sannan su ce a rubuta wa yaron.

Na uku gaskiya a kan kaya. Dokar Nijar ta wajabta a yi wa kowane layi rajista da shaidar mai shi, kuma a ƙarshen 2013 hukuma ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda rashin rajista. A ƙauyen da mutane da yawa ba su da katin ɗan ƙasa, hanya mafi sauri ta cika adadi ita ce a yi wa layi da yawa rajista da katin mutum ɗaya. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, wannan na iya jefa mai katin cikin bala'in da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ba ya fara irin wannan da kansa sai ya ga na gaba ya yi, ko ya ga ya kau da kai.

Haka batun fitilar sola. Sayarwa rana ɗaya ce, amma batir na iya mutuwa bayan wata uku. Idan shef ya ɗauki kayan da suka lalace ya kai ofis ya dawo da wani, labari zai zaga ƙauyen. Idan ya daina ɗaga waya, shi ma labarin zai zaga, kuma ba shi kaɗai za a rufe wa ƙofa ba, har da duk mai irin rigarsa.

An ga irin wannan gwaji bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya rufe iyakar Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar. Sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. A watannin nan kaya sun yi wuya, farashi na sauyawa, masu neman fitila sun ƙaru. Duk wanda ke da kaya a hannu ya samu damar tsawwalawa, kuma farashin da shef ya faɗa a gaban yaransa shi ne suka ɗauka halal.

Misalin da ake sayarwa

Akwai wani nau'in shugaba da shi ma ke cewa a yi koyi da shi, amma abin da yake nunawa daban ne. Shi ne na tsarin kawo mutum ka samu, inda ake tara matasa a ɗakin taro ko zauren WhatsApp, a nuna musu hoton mota, agogo da tafiya Dubai, a ce wannan ma da kamar ku yake. Sharaɗin shiga shi ne ka sayi kaya masu tsada da kuɗinka, sannan ka kawo wasu su saya.

Matasan da suka dawo bida da ɗan jari, da ɗaliban da ke jiran aiki, su ne abin farautar irin wannan. Wasu kan sayar da dabba ko su karɓi kuɗin adashin uwa. Da yake mutum danginsa da abokansa yake fara jawowa, idan abin ya rushe ba kuɗi kaɗai ke tafiya ba, har da zumunci.

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200, ya kuma sauya tsarinsa ta yadda ladan wakilai zai dogara da kayan da aka sayar wa masu amfani da su na gaske, ba yawan mutanen da aka shigar ba. Tambayar da hukumar ta yi ita ce wadda kowane falke zai yi: wa ya sayi kayan, kuma ya dawo ya ƙara? Shugaban da ba a taɓa ganin ya sayar wa baƙo ko da kwalba ɗaya ba, sai dai ya sayar wa mabiyansa, ba madugu ba ne ko da motarsa ta kai nawa.

Abin da ya fi ƙarfin shef

Ba daidai ba ne a ɗora komai a wuyan shef. Shi ma yaron wani ne. Daga Yamai ake aiko masa da adadin da zai cika, sau da yawa ba tare da la'akari da cewa Agusta ba Nuwamba ba ce. Idan kamasho ya yi kaɗan, ko aka yi makonni ba a biya ba, duk kyawun halinsa ba zai sa yaro ya ci abinci ba. Abin da ya rage masa a irin wannan lokaci shi ne ya buɗe littafin lissafi kowa ya gani, ya nuna cewa shi ma nasa bai fito ba, kuma idan kuɗi sun zo kada ya fara da kansa. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma yara na lura da wanda ke musu wa'azin haƙuri da cikakken aljihu.

Shekarar sana'ar ma da kanta take tace shugabanni. Da ruwan farko ya sauka a Yuni, tawaga kan ragu, domin yawancin yaran 'ya'yan manoma ne kuma gona ba ta jira. Kuɗi kan ƙafe a ƙauye har sai sabon gero ya shigo. Shef mai hankali ba ya riƙe kowa a lokacin shuka da noma, wani ma shi kansa gonar yake komawa.

Daga Oktoba kasuwa ke buɗewa, an yi girbi, an sayar da wake, ana shirin bukukuwa. A daidai lokacin ne kuma motocin Agadez da na kudu ke cika da samari. Kowane yaro na da zaɓi biyu a gabansa, jakar kamfani ko jakar tafiya, kuma a makonnin nan shef kan bi lambobin da ke wayarsa ɗaya bayan ɗaya yana kira, ya ji wa zai zo kasuwar Lahadi.